Mako na shida: layin jiya ya riga na bara

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Har yanzu ina fama da rumbun bayanan da nake ginawa a manhajar PostgreSQL, da littafin abokan cinikin kawuna mai sayar da albasa a nan Garwa. Manyan kamfanoni suna da manhajoji irin su SAP MDG don wannan aiki. Ni sai tsohuwar kwamfuta da haƙuri.

Tsarin da na bi shi ne wanda Ralph Kimball, masanin tsara rumbunan bayanai, ya kira nau'i na 2: ba a goge komai. Mutum ya canza lambar waya, sai a rufe tsohon layinsa da ranar ƙarewa, a buɗe sabo, a sa wa layin da ke ci yanzu 9999-12-31 a matsayin ranar ƙarewa. Tsofaffin abokan cinikin kawu kusan duk layi biyu gare su ko fiye, tunda a 2014 aka ƙara 6 a gaban lambobin salula a Kamaru suka koma masu alƙaluma tara.

Kuskuren farko abin kunya ne. Na ajiye lambar zubi, wato mai nuna layi na nawa ne na mutum, a matsayin rubutu, sai 10 ta zo gaban 2. Minti biyar na gyara.

Na biyun ne ya hana ni barci. Da lokacin shigarwa nake jera layukan, ashe ƙaramin batirin agogon kwamfutar ya mutu. Duk sanda aka ɗauke wuta sai ta farka a wata tsohuwar shekara, abin da na shigar jiya ya koma kamar ya riga na bara. Da na karanta wa kawu lambar wani Alhaji na Marwa, sai ya ce, "Kai ɗana, ai ya bar wannan tun kafin azumi."

Maganarsa ce ma ta buɗe mini ido. Alhaji ya canza lamba kafin azumi, ni kuwa sai bayan salla na rubuta. Lokaci biyu ne ke nan, ni na cusa su gida ɗaya. Yanzu kowanne da gurbinsa, ga kuma lambar jeri da rumbun ke bayarwa da kansa, wadda ba ruwanta da agogo. Ina jerawa da ranar da canjin ya fara aiki, in biyu suka yi kunnen doki lambar jeri ta raba gardama.

Saura layi goma sha ɗaya da ranakunsu ke hawa kan juna. Batirin kuma sai ranar Asabar in na shiga kasuwa.