Gangaren Mbe da hanyar Kuseri

Mun bar Ngaundere, a ƙasar Kamaru, bayan sallar asuba, muka hau babbar hanya mai lamba 1 wadda ta bi ta Garwa da Marwa har Kuseri, kuma ita ce manyan motoci ke bi da kayan Chadi. Kafin a isa garin Mbe hanyar tana sauka daga tudun Adamawa cikin kwanoni masu tsanani, dutse a gefe guda, kwazazzabo a ɗaya gefen.

Direbanmu dattijo ne. Kafin gangaren ya tsaya ya duba tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa ƙaramin giya, muka bi bayan wata tirela sannu a hankali. Wani matashi ya ƙosa ya ce, "Baba, ka wuce shi mana, rana tana yi." Dattijon ya amsa, "Ɗana, abin da ke bayan kwanar nan ban gan shi ba, kai ma ba ka gan shi ba." Ya bayyana mana cewa wanda ya yi ta taka birki a doguwar gangara zai sa shi ya yi zafi har ya daina kamawa, shi ya sa ake barin inji ya riƙe mota. Ba mu yi nisa ba muka tarar da rassan itace jere a kan kwalta, alamar mota ta lalace, sai ga tanka tsaye a tsakiyar kwana. Da mun biye wa matashin, da a kanta za mu faɗa. A ganina fasinja mai zuga direba yana da nasa kason a cikin haɗurran da muke kuka da su.

A wani shingen bincike jami'i ya daka mana tsawa kan katin shaida, amma bai ko kalli tayoyin motar da ke gabanmu ba, waɗanda suka suɗe sarai. Kuɗin hanya sefa 500 ne a kowace ƙofa, kuma wanda ya biya yana da haƙƙin a cike masa ramuka.

Garwa ta tarbe mu da zafin da ba mu saba da shi a Ngaundere ba, sai dai kifin Binuwai ya fi na gida araha da daɗi. Bayan Figil shanu da 'yan babur ne abin lura. Dattijon ya ƙi tuƙin dare, muka kwana a Marwa, washegari muka bi ta Mora da Waza cikin ramuka da ƙura, muka shiga Kuseri da la'asar.