Sha biyar ga wata: yadda kuɗin aikina na Maris ya kuɓuce mini a Teksas

Sana'ata shimfiɗa tayil ce a birnin Hustan na jihar Teksas a Amurka, kuma akasari a ƙarƙashin manyan 'yan kwangila nake karɓar aiki. A 2023 na yi wata uku, Maris zuwa Mayu, ina shimfiɗa tayil a wasu shaguna. Ɗan kwangilar mutum ne mai daɗin baki. Kullum na tambayi kuɗina sai ya ce mai ginin ne bai saki ba, in ƙara haƙuri. Ni kuwa kunya ta hana ni matsawa, don ina kwaɗayin aikin gaba.

Ran Juma'a 14 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci, na kai kukana wurin wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe yana aikin wayar lantarki a nan. Bai bari na gama ba ya tambaye ni, "Ka aika wa mai ginin takarda?" Na ce, "Wace takarda, Baba?" Ya ajiye kofin shayinsa, ya ce, "Ɗana, ka yi barci. Kuɗin Maris ya riga ya wuce ka."

Abin da ya fahimtar da ni shi ne makaniks liyen (babu ruwansa da bakaniken mota, sunan ne kawai). Hanya ce ta rataya bashinka a wuyan ginin kansa, yadda sayar da shi ko cin bashin banki da shi zai yi wuya sai an sallame ka. A Teksas Babi na 53 na dokar kadarori ne ya tsara ta, kuma an yi masa gyara da ya shafi kwangilolin da aka ƙulla daga 1 ga Janairun 2022.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin. Mu ƙananan 'yan kwangila ba mu da yarjejeniya da mai gini, don haka dole mu sanar da shi da babban ɗan kwangila a rubuce cewa ba a biya mu ba. A ginin kasuwanci wa'adin shi ne 15 ga wata na uku bayan watan da aka yi aikin, a gidan zama kuwa wata na biyu. Kowane wata da nasa wa'adin, kuma daga watan da ka yi aikin ake ƙirgawa, ko da takardar neman biya ta fita daga baya. Ni da na ɗauka sai aiki ya ƙare gaba ɗaya ake fara ƙirge! Wa'adin Maris ya cika tun 15 ga Yuni, ina can ina jiran alkawari.

Na Afrilu ma da ƙyar na tsira da shi. Ranar 15 ga Yuli ta faɗo Asabar, kuma gyaran 2022 ya ce in wa'adi ya faɗa ƙarshen mako ko ranar hutu, ya zarce zuwa ranar aiki ta gaba. Litinin da sassafe ina bakin gidan waya kafin a buɗe, na aika takardun Afrilu da Mayu ta wasiƙar rajista, na cusa rasit ɗin a cikin walat kamar laya.

Sauran bai ba ni wahala ba. Takardar rantsuwa, wadda ita ce ke rataya bashin a wuyan ginin, ana shigar da ita a ofishin magatakardan gunduma, a wurina gundumar Haris, kafin 15 ga wata na huɗu bayan watan aikinka na ƙarshe ya wuce. Nawa 15 ga Satumba ne, amma tun Agusta na kai, na kuma aika wa mai ginin kwafi cikin kwana 5 da doka ta ɗiba. Ƙarar neman a sayar da ginin tana da nata wa'adin na shekara guda, sai dai ba mu kai can ba. Mai ginin ya riƙe kuɗin ɗan kwangilar, kafin Oktoba aka biya ni na Afrilu da Mayu.

Na Maris kuwa ya zama bashin baki tsakanina da mutumin, kotu kaɗai ta rage, lauya kuma ya ce kuɗin shari'ar zai kusa cinye shi. Yanzu duk 10 ga wata wayata tana ƙara, in zauna da littafina in duba wanda bai biya ba, ko da aminina ne in aika masa takarda.