Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Kuɗin Sallama

A makon jiya mun tsaya inda aka rage shafukan jaridarmu, aka rufe ofisoshinmu na Birnin Kabi da Gusau, aka ce ni da ke Sakkwato in riƙa haɗa jihohin uku. To ba a jima ba sai ga abin da ake ta raɗe-raɗinsa ya fito fili.

Farkon shekarar 2024 ne, hunturu ya fara ja da baya. Takardar ta shigo min ta waya daga hedikwata, shafi biyu da Turancin lauyoyi. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk ma'aikacin da ya daɗe a kamfanin, in ya yarda ya ajiye aiki don raɗin kansa, za a dunƙule masa kuɗin sallama a ba shi. Wanda ya zaɓi zama kuwa, kamfani bai ce zai kore shi ba, bai kuma ce zai riƙe shi ba. Aka ba mu zuwa jajibirin azumi mu ba da amsa. A gaban sunana an rubuta naira miliyan huɗu da 'yan kai.

Ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan a dunƙule ba, don haka daren nan barci bai ɗauke ni ba. Da asuba bayan na dawo daga masallaci na ɗauko tsohon littafin da nake rubuta bashin da nake bin ofis. Albashin da aka riƙa tsallakewa, kuɗin motar zuwa ɗauko rahoto da na biya daga aljihuna, da kamashon tallace-tallacen taya murna da na kawo, irin shafukan nan da 'yan kwangila da shugabannin ƙananan hukumomi ke saye duk lokacin da wani babba ya yi zagayowar ranar haihuwa ko aka yi masa sarauta. Da na haɗa, sai na ga fiye da rabin abin da ake kira kuɗin sallama, kuɗina ne da na riga na yi wa gumi. A ƙasan shafi na biyu kuma akwai wani layi da ya ce duk wanda ya sa hannu ya yafe neman wani hakki nan gaba, ko a gaban kotun ma'aikata. Wato a biya ka bashinka, a sa masa sabon suna, sannan ka yi godiya.

Sai dai in an bi gaskiya, ba mugunta kaɗai ta kai su ga haka ba. Takardar da ake buga jarida da ita daga waje ake shigo da ita, don masana'antar Oku-Iboku da ke Akwa Ibom, wadda aka gina musamman domin wannan, ta daɗe da durƙushewa. Dala kuwa a watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ya wuce 500 tun bayan jawabin cire tallafi na ranar 29 ga Mayun 2023. Mu a Sakkwato muna da ƙarin tamu matsalar, wato nisa. Da can motar jarida cikin dare take tasowa, ta bi Zariya, Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, Tureta, da hantsi tana cikin gari. Da 'yan bindiga suka addabi hanyar, babu direban da ke yarda ya yi tafiyar dare. Jarida ta koma isowa bayan azahar, wani lokaci sai washegari, bayan kowa ya gama karanta labarin a Facebook har an yi musu a kai an watse.

Akwai wani dattijo mai sayar da jarida kusa da shataletalen Mairuwa, tun ina sabon ɗauka nake tsayawa wurinsa. Na biya ta can na tarar ya danne jaridun da duwatsu saboda iska, samari sun kewaye teburin suna karanta kanun labarai a tsaye, babu mai sa hannu a aljihu. Ya nuna min wani ƙunshi a ƙarƙashin benci da aka ɗaure da tsumma.

"Yallaɓai, wagga ta jiya ce, ga ta shekaranjiya. Masu tsire da masu ƙosai su ka sayenta da kilo. Su kaɗai sunka rage min."

Shi ne mutumin da ya taɓa sayar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939, da New Nigerian da ta fara fita ranar 1 ga Janairun 1966, a lokacin da ma'aikacin gwamnati ba ya shiga ofis sai da ɗaya a hammata. Yau babu ko ɗaya a teburinsa. Rabin teburin ma ya koma na cazar waya da littattafan addu'o'i.

A gida kuwa an gama yanke hukunci tun kafin a tambaye ni. Yayana, wanda ke harkar albasa tsakanin Wurno da Goronyo, ya zo har Mabera bayan isha'i, ko tabarmar da aka shimfiɗa masa bai gama zama a kai ba ya fara.

"Kai dai amshi kuɗɗinka. Mi kaka jira? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yanzu albasa na da araha, a cika rudu, a haƙure har bayan damana, ka ga abin da Allah ka yi."

Na ce, "Yaya, in ta ruɓe fa? Ga iyakar Illela a rufe tun watan Agusta."

"To wanga aiki naka shi bai ruɓe ba?"

Ban da amsa. Na san dai harkar ba ta da sauƙin da yake faɗa. Na sha rubuta labarin manoman da zafin bazara ya lalata musu albasa a cikin rudu, wato rumbun da ake adana ta, da na motocin da suka maƙale a hanyar kudu har kaya ya fara tsiro. Amma shi aƙalla in ya yi asara ya san abin da ya ci shi. Uwargida ba ta tsoma baki a gabansa ba. Sai da ya tafi ta ce, "Malam, ni ba albasa ta dame ni ba. In kamfanin nan ya rufe gobe, wa za ka bi?" Ita ce ta tuna min da wani tsohon maƙwabcinmu da ya yi wa wata jarida aiki har ta mutu, ya yi ta zaryar neman hakkinsa da fayil a hannu har Allah Ya karɓi abinsa.

Ita ce kuma ta sa na je na duba asusun fanshona. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa kowane wata. Ta kuma ce wanda bai kai shekara 50 ba, in ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 na abin da ya tara. Yarinyar da ke kan kanta ta buga min takardar, ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba. An daɗe ana cire nawa kason daga albashi, amma zubin ƙarshe da ya shiga asusun ya kwana biyu ƙwarai. Wannan ma yana cikin abin da layin can na ƙasan shafi ke so in yafe.

Duk wannan lissafi gefe guda yake nunawa, kuma mai karatu zai ce to me ya rage? Abin da ya rage shi ne wayata. Lambar nan tana hannun mutanen da ban taɓa gani ba, a Isa, Sabon Birni, Rabah, Gada. A ambaliyar 2010, da ruwa ya cinye ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima ya yanke hanyar zuwa jami'ar Ɗanfodiyo, a kwalekwale na shiga, kuma tun daga lokacin mutane suka riƙa ba juna lambata. Da aka ƙona motar matafiya a yankin Sabon Birni a Disambar 2021, wani malamin firamare ne ya kira ni cikin dare yana kuka, kafin wata hukuma ta ce uffan. Ba kuɗi yake nema ba. So yake a rubuta, a san mutane ne aka kashe. In na sa hannu, gobe in irinsa ya kira, me zan ce masa, in ce na koma albasa?

Amma ko a nan sai da na tsaya na duba da kyau. Tun da aka rage shafuka, rahoton da na wahala a kansa daga gabashin Sakkwato kan fito a layi shida a shafi na ciki, in ma ya fito, alhali hoton bikin 'yar wani babba ya cinye rabin shafi. Ga kuma abin da ba mu cika son faɗa ba a sana'armu. Ɗan jaridar da ba a biyansa albashi, abin da ake kira kuɗin mota bayan taron manema labarai shi ke zama cefanensa, kuma wanda ya ba ka cefane ba ka iya yi masa tambaya mai zafi. Na ga abokan aiki masu kaifin alƙalami sun koma masu jiran ambulan a ƙofar ofisoshi, ba don sun lalace ba, don akwai yara a gida. Zama a wannan hali ba shi ne riƙe amanar malamin firamaren nan ba.

Don haka na yanke zan tafi, amma ba a kan takardarsu ba. Wani lauya abokin karatuna ya taimaka min muka rubuta amsa. Muka ce a raba lissafin gida uku: bashin albashi da kamasho daban, kuɗin fansho a zuba a asusuna da shaidar zubawa, sannan abin da ya rage shi ne za a kira kuɗin sallama, kuma a rubuta ranar biya. Layin yafe hakki kuwa muka ce sai kuɗi sun shiga zai fara aiki. Lambar wayar nan ma na sa a rubuce cewa tawa ce, ba ta kamfani ba. Lauyan ya yi dariya, ni ban yi ba.

Na tura ranar Litinin. Ba a ce min komai ba har Juma'a. Muna fitowa daga masallacin Sarkin Musulmi Bello, ina neman takalmina a cikin cunkoso, sai ga kiran editanmu, mutumin da ya koya min rubuta kanun labari.

"Malam, na ga takardarka. Manaja ya ce rabi yanzu, rabi bayan Sallah, fansho kuma sai an zauna. Amma ba shi ya sa na kira ba. In ka tafi ba mu da kowa daga Gusau har Kamba. Za ka yarda ka ci gaba da aiko mana, mu riƙa biyanka a kan kowane labarin da ya fito?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya fito, ko wanda na aiko?"

Ya yi shiru, sannan ya ce zai sake kira da daddare.

Yadda muka ƙare da shi, da abin da Yaya ya yi da ya ji rabin kuɗi kawai za a bayar alhali ya riga ya yi cinikin albasa da sunana a Wurno, sai a kashi na 24 mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.