Kyamarar Kawu da Jakar Fata

Tun da Kawu ya tafi bayan la'asar wata magana tasa take ta dawo mini, kuma ita ce ta sa na zauna rubutu a daren nan. Da yake miƙo mini jakar da hannu biyu sai ya ce, "Ɗana, ko ƙura ban taɓa bari ta hau kanta ba." Gaskiya ya faɗa, domin jikin kyamarar fes yake, babu ƙwarzane ko ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan adanawar da yake alfahari da ita ce ta jawo kusan duk ciwon da na tarar a cikinta.

Pentax K1000 ce, wadda kamfanin Asahi na Japan ya fara ƙerawa a 1976, ba a daina ba sai a 1997. Tasa ta farkon zubi ce, domin sunan Asahi yana nan a goshinta, kuma murfin sama da na ƙasa duk ƙarfe ne, saɓanin na baya-bayan nan da aka haɗa a Sin da murfin roba. Ina son wannan kyamara saboda ba ta ɓoye wa mai gyara komai. Labulen da ke buɗe wa fim haske na ƙyalle ne, zare da ƙananan giya, wato ƙarafa masu haƙora irin na cikin agogo, su ne suke jan sa, yana buɗewa daga daƙiƙa ɗaya har zuwa ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, kuma ba ya buƙatar wuta ko kaɗan. Ɗan batirin da ke gindinta aikinsa ɗaya ne kawai, wato motsa allurar ma'aunin haske.

Ina zuge jakar warin danshi ya buge ni. Na kwance gilashin gaba, mai tsawon milimita 50, na buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, na haska tocilan ta bayansa ina kallo ta gefe. Ga fumfuna nan ta taso daga bakin gilashin ta ciki, farare-farare, ta miƙa rassa zuwa tsakiya kamar saƙar gizo. Ƙwayoyin fumfuna suna yawo a cikin iska ko'ina, ba su tsiro sai sun sami duhu da danshi da iskar da ba ta motsi, kuma jakar fata a rufe cikin damina ta haɗa musu duka ukun. Fata tana shan raɓar iska ta riƙe, ita kanta kuma abincin fumfuna ce. Babbar illar ba duhun da take sa wa hoto ba ce, domin wannan ana iya gogewa. Idan ta daɗe sai ta ci siririn shafen da masana'anta suke yi wa gilashi don rage ƙyalli, kuma inda ta ci babu mai mayar da shi.

Kawu yana kallon fuskata ya ce, "Lafiya dai?" Na ce, "Lafiya, Kawu, sai dai danshi ya ɗan shige ta." Ya gyara zama ya ce, "Ta ina? Ai a rufe take." Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda ya ajiye ta, dalla-dalla, da murya irin ta mutumin da ya san ya sauke nauyin da ke kansa. Ya sa ta a jakarta, ya naɗe jakar a tsohon rawani, ya sa a can ƙasan akwatin ƙarfe, ya tura akwatin ƙarƙashin gado inda yara ba za su kai ba. Ya ce tun da hoton waya ya shigo aka daina kiran sa biki da suna bai ƙara rataya ta a wuya ba, amma duk lokacin da aka yi sharar ɗaki yakan duba ya tabbata kwaɗon akwatin yana nan. Ya tuna mini da ita ya ɗauki hoton auren Yaya, da ita kuma ya riƙa bin mahaya ranar hawan Sallah. Ina sauraro, kowane mataki da ya ambata ina ganin yadda ya ƙara toshe wa kyamarar iska, amma bakina ya yi nauyi. Yaya za a dubi dattijo da ya yi shekaru yana tsaron abu a ce masa tsaron ne ya ɓata shi? Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Za a duba, Kawu, in Allah Ya yarda za ta tashi."

Da na ɗana ta na danna a daƙiƙa ɗaya, labulen ya buɗe ya tsaya yana jan ƙafa kafin ya rufe. Kawu ya ji da kunnensa, domin ya fi ni sanin muryarta. Nan take ya ce in ɗiga mata man keken ɗinki, ai shi yake sa wa kowane ƙarfe da ya cije. A nan kam ban yi shiru ba. Na ce, "Ku yi haƙuri, Kawu, wannan man ba ya zama inda aka sa shi." Yakan bi ƙarfe ya malala har ya kai ga labule, kuma idan ya taɓa 'yan ganyayyakin ƙofar haske sai su manne su daina rufewa a kan lokaci. Abin da ke riƙe jinkirin labulen wasu ƙananan giya ne irin na cikin agogo, tsohon mansu ne ya bushe ya daskare saboda rashin motsi. Maganinsu a wanke su tas, sannan a taɓa man agogo da bakin allura a kan ƙusoshin da suke juyawa kawai. Ya yi murmushi ya ce to, ni ne likita. Wannan murmushin ya fi komai sa ni jin nauyin abin da ban faɗa masa ba.

An yi ruwa kafin magariba, wuta kuma ta ɗauke, don haka sauran aikin da fitilar caji na yi shi.

Na fara da soson da ke tare haske a bakin ƙofar baya. Ya riga ya narke ya zama baƙin danƙo, yana kama yatsa. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka soson wancan zamani yake mutuwa ko an yi amfani da kyamara ko ba a yi ba, kuma idan aka bar shi haske zai saci hanya ya ƙona gefen fim da jan tabo. Na bi ramin da tsinken sakace da ɗan sifirit, a hankali, ina goge abin da ya fito a takarda don kada ko ɗigo ya faɗa kan labule. A siririn ramin na kwantar da baƙin zaren ulu, wanda ba ya narkewa, a wajen maƙalar ƙofa kuma na liƙa sabon soso. Haka na canza ɗan matashin da madubi yake buga idan ya tashi. Madubin kansa iska kawai na hura masa, domin azurfarsa a saman gilashi take, shafa ɗaya da ƙyalle tana iya barin tabo na har abada. Allon da ake duba saitin hoto a kansa ma ban kai masa sifirit ba, roba ce, yana iya dusashe ta.

Murfin batir da tsohon kwabo na kwance shi. Batirin yana ciki tun wancan lokaci, ya kumbura ya zubar da farin gari mai ɗan kore. Na goge da auduga da ɗigon ruwan lemon tsami, na bi da sifirit, na sa sabon LR44, allura ta motsa da na juya ta wajen fitila. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na kira Auta ya leƙa ya gani. K1000 ba ta da makunnin kashe ma'aunin, muddin haske yana shiga tana shan batir, sai an rufe gilashin da murfinsa take hutawa, shi ya sa na nemo wa gilashin murfi a cikin tarkacena.

Uwargida ta yi kiran abinci har ta gaji ta rufe mini shi.

Saura gilashin, kuma shi ne mai wuya. Zoben da ke riƙe shi yana buƙatar mabuɗi mai baki biyu, ƙananan sukurorin Japan kuma ba su shiri da sukundireban kasuwa, wanda yakan zame ya cinye musu kai. Gobe zan biya wajen mai agogo da jikin kyamarar saboda giyar nan, in kuma ari kayan aikinsa. Sai na buɗe na wanke zan ga ko fumfunar ta tsaya a sama ko ta riga ta ci shafen. Ko ta ci, tunda yawancinta a gefe take, gilashin zai yi hoto, sai dai a kiyayi fuskantar rana da shi. Filashin da ke aljihun jakar ban taɓa shi ba tukuna, domin irinsu sukan riƙe wuta mai ƙarfi a ciki ko da an cire batir, ba abin buɗewa da gajiya ba ne.

Amma duk wannan gyaran banza ne idan ta koma ƙasan akwatin nan, kuma na san can za ta koma in ban yi magana ba. Damina mai zuwa fumfunar za ta dawo, man da aka sa ya sake daskarewa. Don haka na yanke shawara ba zan aika Auta da ita ba, da kaina zan kai masa. Zan sa ta a robar abinci mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, batirin a waje, jakar fatar kuma daban. Zan roƙe shi ya riƙa fito da ita lokaci-lokaci, ko ranar Juma'a bayan an sauko, ya ɗana ya danna a kowane gudun labulen, ya juya zoben gilashin, ya bar ta ta sha iska. Zan haɗa masa da fim ɗaya mai hoto 36, in ce ina son shi ya fara gwada ta a sunan da za a yi gidan Yaya, domin idan da fim a cikinta ba zai iya mayar da ita ƙarƙashin gado ba. Maganar jakar kuwa dole in faɗa masa ita a fili, cikin ladabi, tun kafin ya tambaya.