Wasiƙa daga Landan zuwa Gusau: ga masu tambayata asibitin Turawa

Assalamu alaikum jama'ar Gusau, da 'yan uwa na Anka da Ƙauran Namoda. Gaisuwa ɗaya na yi muku gaba ɗaya, manya su yi mini afuwa. Mu nan lafiya lau, mai jego ta miƙe, jaririya tana ta girma.

Tun da aka yi haihuwar nan wayata ba ta huta ba, kuma da an gama barka tambayar guda ce: wai da gaske asibiti kyauta ne a Ingila? Kawu ya tambaya, abokan makaranta sun tambaya, wani ma yana so in nuna masa hanyar da zai kawo mahaifiyarsa a duba mata gwiwa. Amsa guntu-guntu a WhatsApp ta ishe ni, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya. Ina so in taɓo batun ganin likita, da haihuwa, da sanyi, da haƙori, da yadda suke riƙon tsofaffi.

Kyautar dai da sauranta. Hukumar lafiyarsu, NHS, an kafa ta a 1948, kuma da haraji ake tafiyar da ita. Ba a tambayarka kuɗi a bakin ƙofa, ba a ce ka sayo safar hannu ko ruwan ƙari kafin a taɓa ka. Amma mu baƙi, tun kafin a buga mana biza muke biyan kuɗin lafiya: tun Fabrairun 2024 fam 1,035 ne a shekara ga babba, ɗalibi da yaro fam 776, kuma na dukkan shekarun bizar ake biya a dunƙule. Magani kuma idan likita ya rubuta, kowane ɗaya fam 9.90 ne, sai yara da masu ciki da waɗanda suka kai shekara 60 da aka ɗauke wa. Wanda ya zo ziyara kuwa, in ya kwanta asibiti za a rubuta masa lissafi, har da ƙari a kan ainihin kuɗin. Don haka ɗan uwana mai mahaifiya, kuɗin jirgin nan kaɗai zai yi mata aiki mai kyau a Sakkwato ko Kano.

A nan ba ka tashi kawai ka nufi babban asibiti sai in abin gaggawa ne. Kowa yana da likitan unguwa, wanda suke kira GP, shi ne ƙofar komai. Rajistar wannan likita ita ta fara ba ni wuya. Lokacin da na iso ɗaki ɗaya nake haya a gidan wani, babu takardar wuta ko ta ruwa da sunana. Wani ƙaramin asibiti da na je, matar da ke kan tebur ta ce sai na kawo shaidar adireshi. Na kawo takardar haya, ta ce rubutun hannu ne. Na koma da wasiƙar banki, ta ce a waya take, ita ta takarda take so. Sau uku ina zuwa ina komawa cikin ruwan sama. Daga baya na gano ƙa'idar ƙasar ma ba ta ce sai da shaidar adireshi ko fasfo ba, kowa yana da damar rajista. Abin ya yi mini ciwo, domin ni ina jin Turanci kuma na iya nacewa. Tsohuwar da ba ta ji fa? Daga zuwan farko za ta koma gida ta zauna da ciwonta.

Bayan rajista kuma sai batun ƙarfe takwas na safe. A lokacin ake buɗe layin waya, duk unguwa kowa na bugawa. Na'ura za ta gaya maka mutum nawa ne a gabanka, ka riƙe waya kana jira, in an zo kanka wani lokaci a ce gurbin yau ya ƙare. In ka samu shiga, minti goma ne rabonka. Sau da yawa likita zai saurare ka, ya auna ka, ya ce ka sha farasitamol da ruwa, ka dawo in abin ya wuce mako. Mu da muka saba in ba a yi wa mutum allura ba bai ji an duba shi ba, da farko raini muke ɗaukar wannan. Yanzu a wannan gaɓar ina bayansu. Kemis ba zai ba ka ja-da-yalo don ka miƙa kuɗi ka ce kana jin mura ba, saboda shan irin waɗannan magunguna barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin su. Jiran aikin tiyata kuwa ba abin yabo ba ne, a 2023 layin jira a Ingila ya haura miliyan 7.

To amma abin da na fi so in gaya muku, wanda babu mai tambayata, shi ne wasiƙu.

Inda nake zaune sunansa Newham, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 32 na Landan, can gabashin birni. A ƙidayar 2021 mutanenta sun kai dubu 351. Unguwar talakawa da baƙi ce, 'yan Bangaladash da Indiya da Fakistan da Afirka da gabashin Turai, masallatai ko'ina. Tun Afrilun 2013 doka ta mayar da aikin kare lafiyar jama'a hannun ƙananan hukumomi. Kowacce tana da darakta guda wanda aikinsa ke nan, kuma wajibi ne duk shekara ya fitar da rahoto kan lafiyar mutanen yankinsa, kowa ya karanta. Shi ba ya duba marar lafiya ko ɗaya. Ƙidaya yake yi: yara nawa aka haifa, nawa suka samu rigakafi, wace unguwa ce tarin fuka ya fi yawa, me ke kashe mutane kafin tsufa. Ni ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma aikinsa yana shigowa gidana ta ramin ƙofa.

Ku ji yadda aka yi da muka haihu. Washegarin sallama ungozoma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ranar kwana 5 aka soki diddigen jaririya aka ɗiga jini a kan kati, gwajin cututtuka da dama ciki har da sikila. Bayan suna da 'yan kwanaki, tsakanin kwana 10 zuwa 14, wata nas mai zagayen gidaje ta zo. Ta cire takalmi ta zauna kusan awa guda. Ta auna yarinya, ta duba inda take kwana, ta tambayi ko akwai mai shan taba a gidan, ta kalli bangon ɗaki ko yana tsatsafo da danshi. Sannan ta nemi in ba su wuri, ta tambayi maiɗakina yadda zuciyarta take, ko tana samun barci, ko tana kuka ba dalili. Wannan tambayar a gida Inna da gwaggonni ne ke yinta ba tare da sun furta ba, da zamansu da ɗumamen tuwo da ruwan wanka. A nan babu su, sai hukuma ta aiko ma'aikaciya. Na gode mata, amma ranar na yi kewar gida ƙwarai.

Aka ba mu wani jan littafi. Duk awo, duk allura, duk abin da wani ma'aikaci ya gani, a ciki ake rubutawa, kuma duk inda za a kai yarinya da shi ake zuwa. Aka ce a yi rajistar haihuwa cikin kwana 42, wato arba'in da kwana biyu. Wajen kwana 28 aka kira mu allurar tarin fuka, wadda ba kowane jariri ake yi wa ba a ƙasar nan, sai irin namu da iyayensu suka fito daga inda cutar take da yawa, ko waɗanda ke zaune a yankin da take da yawa. Mako 8 wasiƙa, mako 12 wasiƙa, mako 16 wasiƙa. Sau ɗaya muka saɓa rana saboda aikina, kafin mako ya zagayo an turo saƙo, an kuma bugo waya. Har na fara jin an takura mini. Ga ta gwajin jini, ga ta awon ji, ga tawa ni kaina, domin duk wanda ya kai shekara 40 ana kiransa awon hawan jini da suga da kitsen jini duk shekara biyar har ya kai 74. Akwatin takalmi guda na cika da takardu.

Ɗaya daga cikinsu ce ta sanar da mu yarinyar AS ce, wato tana ɗauke da gadon sikila a jini amma ba ta da ciwon. Lafiyarta ƙalau, amma sun rubuta abin da hakan ke nufi ranar da za ta yi aure. Na daɗe riƙe da takardar ina tuna gidajen da na sani a Tudun Wada da Sabon Gari, inda sai an binne yaro na biyu ake jin kalmar sikila, alhali Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu wannan ciwo. Gwajin nan ana yinsa a Gusau, kuma kuɗinsa bai kai na akwati ɗaya na lefe ba. Masu 'ya'ya a bakin aure, a yi shi tun kafin a kai gaisuwa, lokacin da fasawa ba ta zama abin kunya ba.

A cikin Newham ɗin nan akwai wata babbar matatar ruwan ƙazanta a Beckton. A 2022 masu ɗibar ruwan suna gwadawa suka ga ƙwayar shan inna. Babu yaro ko ɗaya da aka samu ya shanye, amma a watan Agusta aka kira duk yaran Landan daga shekara 1 zuwa 9 ƙarin rigakafi. Ku lura, Turawa ne suke yi wa 'ya'yansu abin da wasunmu suke ɓoye yara a ɗaka saboda shi. Kuma a nan ma akwai masu gardama da masu jita-jita, har ƙyanda takan dawo saboda su.

Abin da ya hana ni barci da na ji labarin Beckton shi ne tuna gubar dalma ta 2010. Dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Anka ne, ba labari aka ba ni ba. Ana kawo duwatsun zinari cikin gida, ana daka a turmi, ana niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar dalma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara suna sanƙarewa suna mutuwa a Dareta da Abare da Bagega, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Sai a watan Maris da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo bin sawun sanƙarau aka gane ba sanƙarau ba ne. Aƙalla yara 400 suka tafi. Su a nan ƙwayar cuta suka gani a ruwan kwata tun ba ta taɓa kowa ba. Mu sabbin kaburbura ne suka yi mana ƙidaya. Da akwai littafi ɗaya a hannun mai unguwa, ana rubuta duk yaron da ya rasu da abin da aka gani a jikinsa, wani kuma a sakatariya yana dubawa duk wata, da tun a yaro na goma an tashi tsaye. Wannan aikin ba ya bukatar na'ura ko jirgi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manyanmu sun san dubagari, wanda yake shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya ci tarar mai kwata. A nan har yau yana nan, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Shi ke shiga gidajen abinci da shagunan nama ba sanarwa, ya ba su maki daga 0 zuwa 5, kuma kowa na iya duba makin a intanet kafin ya ci. Mai unguwa da limami da ungozoma a garinmu sun san kowane gida fiye da yadda kwamfutar nan ta san ni. Babu sunan da ake raɗawa ba da saninsu ba, babu gawar da ake sallata ba su. Rubutawa ce kawai ba a yi, da wanda zai karanta. Na san ƙauyuka da yawa yanzu ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga, mutane sun watse zuwa cikin gari. Ai su ne ma suka fi bukatar a san sunayensu da inda suke kwana.

Kada ku ɗauka ƙidaya ta warkar da Newham. Cunkoson gidaje a nan ya fi na ko'ina a Ingila, kusan gida ɗaya cikin biyar mutanensa sun fi ƙarfin ɗakunansa. Ciwon suga ya yi yawa, tarin fuka ya daɗe yana damunsu, kuma farkon korona tana cikin yankunan da suka fi asarar rayuka. Sun san lambar, sun buga ta, gidajen dai ba su ƙaru ba. Takardun mutuwa ma sukan jinkirta jana'iza, abin da ke ƙona zuciyar Musulmi. Sai dai mai neman haƙƙinsa yana da takardar da zai ɗaga a gaban kansila.

Sanyi da haƙori da tsofaffi wuri ya ƙure. A taƙaice, rana ba ta da ƙarfi daga Oktoba zuwa Maris, mu baƙaƙen fata an ce mu riƙa shan bitamin D duk shekara. Likitan haƙori na gwamnati kuwa samunsa aiki ne, har yanzu ina nema.

Kawu, na'urar awon hawan jini da na aiko kada ta zauna a cikin kwali. A auna da safe bayan an huta, a rubuta lambobin biyu da kwanan wata a littafi, a bar maƙwabta su ma su auna. Yaya, katin rigakafin autarki ki ɗauko shi, na ji ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda ya yi. Ki ɗauki hotonsa ki turo mini in gani. A gaida Inna, a ce mata daddawa da kuka sun iso.

Wassalam.