Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Lokacin da lissafin Yanbu ya ƙi fita

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda uwargida da yara suka iso mini Yanbu a 2016, na bar ɗakin gwauraye na kamfani. Yau maganar kuɗi ce, domin har gobe idan na zauna a majalisarmu ta Mabera bayan la'asar, sai wani ya ɗauko waya ya buga albashina na can da farashin naira, ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, kai kuwa mi ya dawo da kai?"

Ga wanda bai san garin ba, Yanbu na bakin Bahar Maliya ne, yamma da Madina, kuma hanyar tana bi ta kusa da Badar. Akwai tsohon gari na masunta, Yanbu al-Bahar, akwai na gonakin dabino can ciki, sai kuma sabon garin masana'antu da aka fara ginawa bayan an kafa hukumar masarauta ta Jubail da Yanbu a 1975. Wani bututu ne ya ratso ƙasar daga gabas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, yana kawo ɗanyen mai, sai matatu da masana'antun sinadarai suka taru a bakinsa. Ni aikin lantarki nake yi a wani kamfanin 'yan kwangila da ke yi wa waɗannan manyan gyara.

Gidajen sabon gari, masu ciyawa da itatuwa, yawanci na manyan ma'aikata ne. Ni a tsohon gari na kama haya, ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, ana biya kashi biyu a shekara. Fanko ake ba ka gidan. Firji, murhun gas, katifu, na'urar sanyaya ɗaki, duk a haraj na sayo su, kasuwar gwanjonsu, inda waɗanda zamansu ya ƙare ke zubar da kaya da araha. Basakkwace ba a ba shi labarin zafi, amma namu busasshe ne, idan dare ya yi ka fito da tabarma tsakar gida ka sha iska. Na Yanbu da gumi yake zuwa, ka fito daga wanka rigarka ta jiƙe kafin ka isa masallaci. Saboda haka na'urar nan ba ta hutawa tun daga Mayu har Oktoba.

Shekararmu ta farko mun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa na zuba a famfo, litar fetur halala 75, wato ko riyal ɗaya ba ta kai ba. Da safe burodin tamis da wake, da rana shinkafa da kaza ko kifin da aka kamo a ranar. Abin da ke da tsada shi ne ɗanɗanon gida. Gero, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sai mun je Madina ziyara mu nemi matan Hausawa da ke sayarwa, ko mu jira wani mai zuwa Umara daga Sakkwato Inna ta ba shi ƙullin saƙo. Na sha ganin uwargida ta gutsuri daddawa rabi ta mayar da rabi cikin gwangwani ta rufe da kyau, macen da ta tashi a gidan da ake auna ta da kwano.

Daga nan sai abubuwa suka fara juyawa. Farashin mai ya faɗi a duniya tun 2014, gwamnatin Saudiyya ta shiga neman kuɗin shiga ta wasu hanyoyi. A watan Yulin 2017 aka sa wa baƙi masu aiki a kamfanoni kuɗin kai a kan iyalin da ke zaune ƙarƙashin iƙamarsu, wato takardar izinin zama: riyal 100 a wata ga kowane mutum ɗaya, mace ko jariri. A 2018 ya zama 200, a 2019 ya zama 300, a Yulin 2020 ya kai 400. A Janairun 2018 aka kawo harajin sayayya na kashi 5 cikin 100, fetur ya tashi zuwa riyal 1.37, kuɗin wuta na ƙananan gidaje ya tashi daga halala 5 zuwa 18 a kowane ma'auni. 'Yan ƙasa an buɗe musu asusun tallafi don rage musu raɗaɗi, mu baƙi babu mu a ciki. A Yulin 2020 kuma, ana tsakiyar korona, harajin sayayyar ya koma kashi 15.

Ni da mata ɗaya da yara uku, kuɗin kai kaɗai ya zama riyal 1,600 a wata, 19,200 a shekara. Kamfani ba ya biya maka, kuma ba a sabunta iƙamar iyali sai ka sauke shi. Ga kuɗin makaranta, don mun sa manyan biyu a ta kuɗi mai Turanci saboda ranar da za su dawo karatu gida. Albashi kuwa yana nan inda yake, har ma aikin ƙarin lokaci da muke dogaro da shi ya ragu.

Sannan gida Sakkwato bai san an yi ba. Maganin Inna na wata-wata, kuɗin rajistar ƙanena a Jami'ar Ɗanfodiyo, ragon layya, buhun gero idan azumi ya gabato, biki da suna na dangi, ga ginin da na fara a Arkilla ya tsaya a linta. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu. Haƙƙi ne, kuma don su na fita. Amma wanda ya ji kana Saudiyya ba ya jin akwai watan da ka kai ƙarshensa da rancen abokin aiki.

A benenmu maƙwabta suka fara raguwa. Bamisiren da ke ƙasa ya mayar da iyalinsa, sai 'yan Sudan biyu, sai wani ɗan Indiya da ya haifi duk 'ya'yansa a garin. Ko'ina ka duba allon "a ba da haya" ne a jikin gini.

Wani dare bayan isha na zauna a falo da biro da bayan takardar kuɗin wuta, ina haɗawa ina cirewa. Uwargida ta kawo shayi ta zauna, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Malam, mu ne nauyin nan. Ka mayar da mu gida." Na ce mata kada in sake jin ta kira kanta nauyi. Ta ce, "To ka nuna mini inda lissafin ya fita." Ban da abin nuna mata.

Washegari Juma'a na kira Baba. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, ya ce, "Ɗiyanka su taho, ga gida, ga Innarsu. Arzikin da za ya hana ka barci ba naka ba ne. Kai ka tsaya ka rufe ginin nan, sannan mu ga abin da Allah za ya yi."

Ba na jin haushin Saudiyya, ƙasarsu ce, kuma sun faɗa mana tun farko cewa iƙama izinin zama ce da ke rataye da aikinka. Abin da nake gaya wa samarin da ke zuwa wurina da takardar kwangila shi ne su bar kallon albashin da ke sama, su duba wa zai biya haya, inshorar lafiyar iyali, tikitin hutu, makaranta da kuɗin kai. Idan babu su a rubuce, to su sani su kaɗai za su zauna.

Mun yanke shawara, sai dai tun watan Maris na 2020 an rufe jiragen ƙasa da ƙasa, kuɗin kai kuma yana ci gaba da hawa kanmu kowane wata. Yadda muka samu kujeru daga Jidda, da abin da ya faru da ƙaramar 'yarmu kwana kaɗan kafin tafiya, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.