Ƙuri'a 64 da 57: abin da tarihin Ayilan ya koya mini

Ina aji uku a jami'a, a darasin tarihin Turai, aka raba mana batutuwan da kowa zai rubuta maƙala a kai ya gabatar a gaban 'yan aji. Nawa ya faɗo kan gwagwarmayar neman 'yancin Ayilan. Na yi murna ƙwarai, don a lokacin ba abin da ke burge ni kamar labarin 'yan kishin ƙasa. Ga shi kuma ƙaramin tsibiri ne ya yi fito-na-fito da Birtaniya tana ganiyar ƙarfinta, Birtaniyar nan da ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Cikin mako biyu na gama. Na faro daga Wolfe Tone da tawayen 1798, na bi ta kan babbar yunwar da ta soma a 1845, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗin zuwa ƙetare, na dire a kan boren Ista na 1916. A nan na juye duk wata kalmar yabo da na sani.

Malamin ya karanta a gabana, bai ce uffan ba har ya kai shafin ƙarshe. Da ya ɗago sai ya ce, "Ai kirari ka rubuto mini. Mutum nawa suka mutu a makon nan na Ista, kuma su wane ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, shugabanni 15 aka harbe." Ya ce ba su ya tambaya ba. Ya miƙo mini takarduna, ya ce in je in ƙirgo sauran.

Na je na ƙirgo. Daga ranar Litinin 24 ga Afrilu, da Patrick Pearse, ɗaya daga cikin jagororin boren, ya tsaya a ƙofar babban gidan wayar Dublin, babban birnin ƙasar, ya karanta shelar kafa jamhuriya, zuwa ranar Asabar da ya miƙa wuya, mutum kimanin 485 ne suka mutu. Fiye da rabinsu mutanen gari ne da ba ruwansu da faɗan, ciki har da yara kusan 40. Da aka tiso ƙeyar 'yan tawayen ta cikin unguwanni, an sami waɗanda suka bi su da zagi, musamman matan da mazajensu ke fagen Yaƙin Duniya na Farko a Faransa sanye da kakin Birtaniya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shiga maƙalata ba. Na san yadda labarin ya ƙare, sai na ɗauka mutanen Dublin na wancan makon ma sun sani, alhali su abin da idonsu ya gani shi ne tsakiyar garinsu ta zama kufai.

Abin da ya juya zukata ya zo ne daga baya, kuma daga hannun Turawan Ingila kansu. Janar John Maxwell ya riƙa harbe jagororin kaɗan-kaɗan daga 3 zuwa 12 ga Mayu, kwana biyu ba ta yi sai an ji sabon suna. James Connolly ya ji rauni har ba ya iya tsayuwa, sai aka ɗaure shi a kan kujera aka harbe. An kame mutum fiye da 3,000, da yawansu ba su taɓa bindiga ba, aka tara wasu a sansanin Frongoch da ke Wales, inda suka san juna suka ƙulla zumuncin da ya yi aiki daga baya. A watan Agusta aka rataye Roger Casement, wanda ya nemo wa boren makamai daga Jamus, a Landan. Sunansa ya tsaya mini a rai don ya taɓa aikin gwamnatin mulkin mallaka a Kalaba, kafin ya tona asirin ta'asar da ake yi wa mutanen Kwango a rahotonsa na 1904. Sai kuma a 1918 Landan ta ce za ta ɗebi samarin Ayilan soja dole. Nan ne ƙasar ta haɗu kusan baki ɗaya.

Da na ci gaba da tono sai na ga ashe na tsallake aikin da ya fi yawa, don kawai ba shi da ƙarar bindiga. A 1880 manoman gundumar Mayo suka ƙaurace wa wani wakilin mai gonaki, Kyaftin Charles Boycott: ba mai yi masa girbi, ba mai sayar masa da komai. Daga sunansa Turanci ya sami kalmar ƙauracewa. Irin wannan matsin na ƙungiyar su Michael Davitt da Charles Stewart Parnell ne ya haifi dokokin da suka ba masu hayar gona damar sayen gonakinsu, har ya zama kafin 'yanci ya zo, ƙasar noma mai yawa ta riga ta koma hannun masu nomanta. A zaɓen Disamba 1918 jam'iyyar Sinn Féin, wato "mu da kanmu", ta ci kujeru 73 cikin 105. Zaɓaɓɓun suka ƙi zuwa Landan, suka buɗe majalisarsu, Dáil, a Dublin ranar 21 ga Janairu 1919. Suka kafa kotunansu a ɓoye, mutane suka riƙa kai musu rikicin gona da na bashi, kotunan Sarkin Ingila suka rasa masu ƙara a wurare da dama. Michael Collins da na sani a matsayin gwanin kwanton ɓauna, ashe shi ne ministan kuɗi, ana farautarsa yana tara rance daga hannun talakawa har ya haura fam 370,000. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jini ma ya zuba, kuma ba ɓangaren da hannunsa ya fita tas. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 da safe mutanen Collins suka bi hafsoshi da jami'an leƙen asirin Birtaniya fiye da 10 har masaukinsu suka harbe. Da rana dakarun gwamnati suka buɗe wuta kan 'yan kallon ƙwallo a filin Croke Park, mutum 14 suka mutu. Wannan karon na rubuta safiyar, na rubuta ranar.

Inda na fi daɗewa, har na kusa makara wajen miƙa aikin, shi ne muhawarar da aka yi kan yarjejeniyar da su Collins da Arthur Griffith suka sa wa hannu a Landan ranar 6 ga Disamba 1921, bayan Firaminista Lloyd George ya yi musu barazanar komawa yaƙi nan take. Yarjejeniyar ta ba gundumomi 26 gwamnatin kansu, da sojansu da baitulmalinsu, a matsayi irin na Kanada. Amma ba jamhuriya ba ce. 'Yan majalisa sai sun yi rantsuwar da ta ambaci Sarkin Ingila, kuma Birtaniya ta riƙe tashoshin jiragen ruwa uku. Collins ya ce wannan ba shi ne cikakken 'yancin ba, amma 'yancin da za a taka ne a kai gare shi. Mu da mun ce da babu gara ba daɗi. Éamon de Valera, shugaban Sinn Féin, da nasa suka ce sun riga sun rantse wa jamhuriya, ba za su yi rantsuwa biyu ba. Mata shida ne a majalisar, dukansu suka ƙi yarjejeniyar. A cikinsu akwai mahaifiyar Pearse, da matar Tom Clarke da aka harbe a 1916, da Mary MacSwiney, 'yar'uwar magajin garin Cork wanda ya mutu a kurkukun Brixton bayan kwana 74 yana yajin cin abinci. Wa zai dubi idon waɗannan ya ce musu ba su san ciwon ƙasa ba? Na karanta jawaban ina neman maci amana a ɗaya ɓangaren, ban samu ba. Ranar 7 ga Janairu 1922 aka kaɗa ƙuri'a: 64 suka amince, 57 suka ƙi.

Bayan wata shida suka juya wa juna bindiga. Sabuwar gwamnati ta ari igwa daga wurin Birtaniya ta yi luguden wuta kan tsofaffin abokanta da suka mamaye ginin manyan kotuna a Dublin, kuma a nan ma'ajiyar takardun tarihin ƙasar ta ƙone, rubuce-rubucen ɗaruruwan shekaru suka zama toka. Ranar 22 ga Agusta aka kashe Collins a wani kwanton ɓauna a gundumarsa ta Cork, yana da shekara 31. A Disamba aka harbe wani ɗan majalisa mai goyon bayan yarjejeniyar, Seán Hales, wanda ɗan'uwansa na jini, Tom, ke ɗaya ɓangaren. Washegari gwamnati ta fito da fursunoni huɗu daga cikin masu adawa da yarjejeniyar ta harbe ba tare da shari'a ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Rory O'Connor. Cikin ministocin da suka amince da hukuncin akwai Kevin O'Higgins, wanda O'Connor ya yi wa babban abokin ango shekara guda kafin nan. Da na kai wurin nan na rufe littafin, na fita na zaga bayan laburare, ban iya komawa karatu ba ran nan. Kafin yaƙin basasar ya ƙare a Mayu 1923, gwamnatin Ayilan ta zartar wa mutanenta aƙalla 77 hukuncin kisa, adadin da ya fi na waɗanda Birtaniya ta zartar wa daga 1916 zuwa 1921.

Ranar gabatarwa, da na gama, malam ya ce, "To, da kana zaune a zauren nan, ina ƙuri'arka za ta faɗa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wajen Collins." Har yau ban sauya ba. Mutanen gari sun gaji, kuma a zaɓen Yuni 1922 masu goyon bayan yarjejeniyar suka fi yawa. Abin da Collins ya hango ma ya tabbata, kuma a hannun abokin hamayyarsa: a 1932 de Valera ya ci zaɓe, William Cosgrave, shugaban gwamnatin masu goyon bayan yarjejeniyar, ya miƙa masa mulki salun-alun, sojojin da suka yaƙe shi suka yi masa biyayya. Ya soke rantsuwar, ya kawo sabon tsarin mulki a 1937, ya karɓo tashoshin nan uku a 1938. A 1949 ƙasar ta zama jamhuriya ba tare da an sake yaƙi da Ingila ba.

Amma malam bai ƙyale ni ba. Ya ce, "Mutanen Belfast fa?" Gundumomi shida na arewa, da Belfast ke cikinsu, inda 'yan Furotesta masu son zama da Birtaniya suka fi yawa, tun dokar 1920 aka ware su, kuma 'yan Katolikan cikinsu sun kai kashi ɗaya cikin uku. A duk tsawon muhawarar nan, kaɗan ne suka tsaya a kan maganarsu. Rantsuwa ta cinye lokacin, don ɓangarorin biyu sun sa rai hukumar shata iyaka za ta gyara lamarin. A 1925 aka bar iyakar yadda take. Rikicin da ya ɓarke a can a ƙarshen shekarun 1960 ya ci mutum fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Na tsaya a gaban allo na ɗan jima shiru, sannan na ce ƙuri'ata ba ta yi musu komai ba, ta ɗaya ɓangaren ma haka. Malam ya gyaɗa kai, ya ce in ƙara wannan shafin kafin in kawo masa maƙalar ranar Litinin.